Baƙar Motar Alhaji Abakar

Muzammil, riƙe wayar nan yadda take, kada ka rufe hoton. Ku ja kujeru ku zauna mana, kun tsaya mini a ka ku uku kamar masu karɓar haraji. Hajja, ƙaro mana gahawa a jabana, samarin nan ne za su biya, tunda su ne masu kuɗin sayen motar manya.

To, na ji. Baƙar salun ƙirar Jamus, hannu ɗaya, fentin kamfani, mai ita dattijo ne ba ya fita da ita sai ranar Juma'a. Farashi kamar kyauta, wai tafiya ce ta kama shi. Ku kuma kun haɗa abin da kuka tara a tuƙin raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, za ku tura arbun yau, kafin alƙalami ke nan, don kada wani ya riga ku, gobe ku ɗora ta a waya ku sayar ku ci riba. Kuna cewa dillancin mota yanzu ya zama wasa, ka ɗauki hoto, ka ɗora, ka miƙe a angarib, gadonka na igiya, kuɗi su zo su same ka. Madalla da ku. Kafin ku danna komai, ku bari in sha gahawata in ba ku labarin wata mota.

Ni a Hajj Yusuf na tashi, ba a nan Alsawra ba. Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa zai je Makka, ya je ya dawo, ya tsaya a nan Sudan bai ƙarasa gida ba. Ubana tela ne, ya so in gaje shi, ni kuwa idona yana kan titi. Da ya gaji da ni sai ya kama hannuna ya kai ni wajen Usta Jibrin, wani dillalin motoci da yake zama a wata inuwa bayan Suk al-Arabi. Samsar, in ji Larabawa. Ba shi da shago, benci ne da bokiti da bakinsa. Na daɗe a hannunsa ban taɓa sitiyari ba. In wanke, in goge, in sayo shayi, in tsaya a gefe in yi shiru in manya suna ciniki. In na sa baki, rankwashi.

Motar farko da ya bari na duba, wata fara ce da wani ɗan kasuwa ya kawo da hantsi, tana sheƙi. Usta ya ce, "Haruna, me ka gani?" Na zagaya ta, na leƙa ciki, na bubbuga taya da ƙafa yadda na ga ana yi, na ce, "Lafiya lau take, Usta." Ya ce in ɗora tafina a kan bonet. Na ɗora, na janye da sauri. Ya ce, "Mutumin nan gidansa ga shi can bayan masallaci. Me ya sa injinsa ya yi zafi kamar wanda ya taso daga Madani? Zagaya gari ya yi da ita, don kada mu ji yadda take tashi da sanyi." Washegari da sassafe muka buga masa ƙofa. Wallahi sai da muka tura ta har bakin titi kafin ta yi tari ta tashi. Tun daga ranar ban sake sayen motar da ban kwana na same ta a inda ta kwana ba.

Kayan aikina har yau suna cikin aljihun jallabiyar nan, ku gani. Maganaɗisu ne a naɗe cikin tsumma, kana bin jikin mota da shi, inda ya ƙi kamawa an taɓa bugewa an cike da ƙulli an fente. Farin hankici, ka tara shi a bakin salansa, in ya yi baƙi da maiƙo injin yana shan mai. 'Yar tocila, da madubin nan na mata da na ƙwace a hannun uwargidana, na leƙa ƙarƙashi da lambar shasi. Sauran kuma hanci ne da farce. Mita ta ce motar ba ta yi tafiya ba, amma robar birki ta suɗe kamar tsohon silifa, wa za ka yarda da shi? Yanzu ku gaya mini, ya ku 'yan zamani, ta ina za ka manna maganaɗisu a jikin hoto?

Amma abin da Usta ya fi tsananta mini a kai ba ƙarfe ba ne. Ranar da aka sayar da farar motar nan, bayan mun karya farashinta, ya kama hannun mai saye ya sa a cikin na mai sayarwa, ya danne da nasa, ya faɗi farashin da ƙarfi har mai shayi ta ji. Wannan ya ce na sayar, wancan ya ce na saya, aka shafa Fatiha. Da suka tafi ya ce mini, "Dillali yana iya jan wannan gefe, ya ja wancan gefe, ya yi raɗa har bakinsa ya bushe. Amma a ƙarshe farashi da baki ake faɗinsa, a gaban su biyun. Duk cinikin da aka ce maka kada ka faɗi farashi, ɗauki takalminka."

Ƙananan motoci kowa yana sayarwa, babu abin kunya. Motar manya daban ce. Mutum biyu ne suke rabuwa da ita tana da lafiya: wanda zai bar ƙasar, da wanda ƙasa ta fara zame masa. Na farkon yana sauri. Na biyun yana ɓoyewa, kuma shi ne abincin ɓarayi.

Baƙar motar da zan ba ku labari, ni na saya wa Alhaji Abakar ita, a hannun wani baƙo mai aikin kamfani da zai koma ƙasarsu. Alhaji maƙwabcinmu ne a Hajj Yusuf, Bahaushe ɗan'uwanmu, babban ɗan kasuwar riɗi da zoɓo. Ban taɓa ganin mutum ya riƙe mota kamarsa ba. Ya gina mata rumfa a tsakar gida kusa da bishiyar nim, ya ɗinka mata riga. In habub, guguwar ƙurar nan, ta taso, kafin a kwashe shanya an rufe mota. Kasuwa a bas yake zuwa, ita sai Juma'a, sai ɗaurin aure, sai in wata a unguwa naƙuda ta kama ta. Fatar kujerun har ƙamshin sabunta ba ta bari ba. Matarsa Hajiya Hawwa takan tsokane shi ta ce da motar tana cin kisra, wainar dawar nan tamu, da ita za a fara zuba wa.

Sai muguwar shekarar nan ta zo, kafin yaƙi, wadda kuɗi suka zama takarda. Ka yi ciniki da safe, da la'asar abin da ka karɓa ba zai sayo maka rabin motar ba. Layin mai ya kai inda ido ba ya gani. Wa zai sayi mota mai shan mai kamar raƙumi? Mun zauna a dilala, kasuwar motoci, muna korar ƙuda, wasunmu suka koma sayar da gawayi. A shekarar ne kasuwar Alhaji ta karye, kuma a shekarar ne ƙodar Hajiya ta tsaya. Ana kai ta wankin ƙoda, yau akwai magani gobe babu, jibi babu wuta. Likita ya ce a kai ta Masar a yi mata dashe tun jikinta yana iya ɗauka. 'Yarsu Safiya, malamar makaranta, ta ce ga tata ƙodar, aka gwada ta dace. Kuɗin tafiya da na aiki kawai suka rage, kuma babu abin da ya saura a gidan nan mai wannan daraja sai motar.

Kuna tsammani ya kira ni? Ko kusa. Ni da na saya masa ita, ni da nake cin abinci a gidansa. Don ya san in mota ta shiga hannun dillali ta shiga bakin duniya, kafin magariba duk Hajj Yusuf ta ji Alhaji Abakar ya sayar da motarsa. Mutum ne da ya saba bayarwa, bai iya a tausaya masa ba. Rufin asiri yake nema. Sai Safiya ta ce ai yanzu ba a bukatar dillali, ta cire wa motar riga, ta ɗauke ta hoto gaba da baya a tsakar gida, ta ɗora a shafin saye da sayarwa. Kamar yadda kuke cewa, abu mai sauƙi.

Wata safiya ya aiko in zo. Ya tare ni a zaure, ya yi ƙasa da murya. "Haruna, shaida na kira ka, ba dillanci ba. Na sayar da motar. Yau za mu je wajen lauya a sa hannu."

Na ce, "Allah ya sa albarka. Wa ya saya?"

"Wani yaronmu ne, Usman, yana Bur Sudan yana harkar tashar jiragen ruwa. Ba zai samu zuwa ba. Akwai wanda zai zo ya duba, shi Usman zai sayar wa bashi, ya ɗora ribarsa, a riƙa biyansa kaɗan-kaɗan. Ya roƙe ni kada a yi maganar farashi a gabansa, kada a ɓata masa ciniki. Na ba shi kalmata."

"Ka taɓa ganin Usman ɗin nan da idonka?"

"A waya muke magana. Hausa a bakinsa tsantsa, irin ta tsofaffi. Ya san mutanen Mai Wurno, garin Hausawanmu na nan, gida-gida. Da ya ji lalurar Hajiya ya ce haram ne ya rage mini ko sisi."

Kai! Nan jikina ya ba ni. Mai sayen da bai yi ciniki ba, a shekarar da ko uwarka za ta nemi ragi? Na ce, "Alhaji, ban son wannan ciniki." Ya ce, "Ban tambaye ka ko kana so ba. An ba mu ranar asibiti a Masar. Ka zauna ka yi shiru, ka sa hannu, shi ke nan." Na leƙa tsakar gida, ga Hajiya a kwance a angarib ƙarƙashin nim, inda take wuni tunda ciwon ya kama ta, ta rame sai idanu. Ta ɗaga mini hannu. Na fasa ɗaukar takalmina.

A iya sanina na shekara da shekaru, mai son satar mota sai ya zo inda motar take. Don haka na ce a raina, wannan da zai zo shi ne hannun ɓarawon, shi zan tsare. Ya iso da hantsi, wani Balarabe mai furfura a gefen kai, Ustaz Awad, tare da makanikensa. Tun daga sallama ban yarda da shi ba. Ladabi ya yi yawa. Ya riƙe hannun Alhaji da hannu biyu, yana ta "ya Hajj, ya Hajj," yana kallonsa kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa. Sannan ga babbar alama: bai kushe motar ba. Mai saye na gaskiya kushe yake yi. Zai ce fentin ya dushe, zai ce yana jin wata ƙara, ko babu sai ya ƙirƙiro. Wannan kuwa sai "ma sha Allah" yake yi, yana shafa kujera.

Na manne musu kamar kaska. Makanike ya buɗe bonet, kaina yana kusa da nasa, ina kallon yatsunsa kada ya cire wani abu ko ya sa wani abu. Ya nemi makulli na biyu, na ce ya ɓata, alhali yana aljihuna. Suka ce za su zagaya da ita, na riga su shiga baya na zauna daram. Ya nemi takardu, na riƙe su a hannuna ya karanta, ban sakar masa ba. Har makaniken ya ce, "Ya ammu, mu ba ɓarayi ba ne." Na ce, "Ni ma ban ce ba."

Muka dawo aka kawo fatur, abincin hantsi. Kun san al'ada, baƙo ba ya shiga gida a wannan lokaci ya fita bai ci ba. Waken ful da man riɗi, ƙwai, kisra, muka sa hannu a tire ɗaya. Muna cikin ci wayar Alhaji ta yi ƙara, ya buɗe murya kowa yana ji. "Kawu, barka da hantsi. Ya jikin Inna? Baƙon ya iso? A kula mini da shi, Kawu." Murya mai daɗi, wallahi, ko ni sai da na ji kamar na san shi. Da ya kashe, Ustaz Awad ya yi murmushi ya ce, "Ya Hajj, Usman ɗan ɗan'uwanka ne ko? Yaron kirki."

Alhaji ya ce, "Ɗanmu ne."

Me zai ce? Ku ma kun sani, mu nan ba ma musun ɗan Bahaushe a gaban bare. Yaro ya kira ka Kawu da harshen kakanka, a ƙasar da aka daɗe ana kallonmu baƙi, sai ka ce ba ka san shi ba? Ba a yi. Ko ni aka tambaya a lokacin, abin da zan faɗa ke nan.

Aka wanke hannu. Ustaz ya yi magana da makanikensa a gefe, ya fita ƙofar gida da wayarsa, ya jima, ya dawo fuska a sake. Ya ɗaga wayar daga nesa, ga ish'ar, shaidar tura kuɗi ta banki. "Halas, ya Hajj, na tura. Allah ya sa mana albarka." Alhaji ya duba tasa wayar, babu komai. Ya kira Usman. "Kawu, nawa kuɗin na turo maka tun ɗazu, ga ish'ar nan na aiko. Shabaka ce, layin banki, take wasa yau. Ku ba shi makulli ku wuce wajen lauya, kafin ku haye gada sun shigo." Hoton ish'ar kuwa ya shigo, da sunan Alhaji da komai. Safiya daga bayan labule ta ce, "Baba, na duba asusun, ba su shiga ba."

Mutum biyu masu mutunci, sun ci abinci a tire ɗaya, kowa yana jin nauyin ɗan'uwansa. Na ga Alhaji ya kalli baƙo, ya kalli wajen nim, ya ɗauki makulli daga kan tabarma zai miƙa. Kunya ce kawai take tura hannun nan. Ni kuwa ba ni da ita. Na fizge makullin na jefa aljihu, ya haɗu da maganaɗisu ya manne.

Na ce, "Ya Ustaz, nawa ka sayi motar nan? Kuma wa ka tura wa?"

Alhaji ya daka mini tsawa. "Haruna! Na ba da kalmata!"

"Kai ka bayar, ni ban bayar ba. Ustaz, faɗi."

Mutumin ya rikice. Ya matso kusa da ni yana raɗa, wai don kada Alhaji ya ji. "Usman ya roƙe ni kada in ambaci kuɗi a gaban baffansa. Ya ce dattijo ne mai daraja da duniya ta juya wa baya, in aka yi maganar farashi a gabansa zai ji kamar an tsiraita shi. Ya ce shi yake kula da komai na gidan, a asusunsa zan zuba."

Na ce, "Faɗi da ƙarfi, yadda mai gida zai ji."

Ya faɗa. Bai kai kashi biyu cikin uku na abin da Alhaji ya sa wa motar ba. Kuma ba bashi ba ne, ba kaɗan-kaɗan ba ne, duka ya tura, a dunƙule. Alhaji ya faɗi nasa farashin. Suka tsaya suna kallon juna. Safiya ta fito ko mayafi ba ta gyara ba, ta karɓi wayar ta kira Usman. A kashe. Ta sake kira. A kashe har yau.

Abin da ɗan banzan nan ya yi, ya kwashi hotunan Safiya ne ya sake ɗora su a wani shafin da tasa lambar da farashi mai arha. Ya riƙe mai mota a kunne ɗaya, mai saye a ɗaya kunnen, ya ɗaure bakin kowa da abin da ya san ba za su iya tsallakewa ba. Bai taɓa motar ba, bai taka unguwar ba. Ni ina can ina gadin makulli da yatsun makanike, ina hararar bawan Allah, ɓarawon yana cikin tire tare da mu yana gaida Inna. Ustaz Awad kuwa malamin makaranta ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyarwa a Saudiyya, kuɗin sallamarsa ke nan, ya so ya sa motar haya ta ɗaukar amare ya ci abinci. Yabon da yake yi da ladabin nan duk tausayin Alhaji ne. Ya zauna a ƙasa dirshan, rawaninsa ya warware bai sani ba. Na ji kunyarsa, na kuma ji tausayinsa.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce na yi aiki, tunda mota ba ta fita ba. Ina! Kafin la'asar 'yan'uwan Ustaz sun cika ƙofar gida. Suka ce haɗin baki ne. "Ka ce ɗanka ne, a gaban shaida. Ka karɓi wayarsa a gabanmu, yana ce maka Kawu." Makanike ya ce shi ma ya ji da kunnensa, kuma gaskiya ya faɗa. Suka kai ƙara. Washegari 'yan sanda suka zo, aka ce mota kayan shaida ce, za a riƙe ta sai an gama bincike. Aka fito da ita da rana tsaka, yara suna bi, mata suna leƙe ta kan katanga. Alhaji ya biyo su da rigar motar a hannu yana roƙo a rufe ta. Wani ya karɓa ya jefa a but.

Na yi ta zirga-zirga tare da shi. Yau mai bincike ba ya nan, gobe a dawo, jibi an ɗage. Aka bi asusun, aka tarar na wani lebura ne da aka ba ɗan abin shayi ya buɗe da sunansa, bai ma san me ake ciki ba. Duk zuwan da muka yi sai Alhaji ya zagaya bayan ofishin ya ga motarsa. Tana tsaye a rana tsakanin wata raksha da ta ƙone da wata tsohuwar bas. Ƙura ta rufe ta, wani ya rubuta sunansa da yatsa a gilashi. Tayoyi suka sace, gaban ya tsage, madubi ɗaya ya yi ƙafa. Ranar asibitin Masar ta zo ta wuce.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Mutanen da ya ɓoye wa, da suka ji dalili, liman ya yi magana bayan sallar Juma'a, aka tashi. 'Yan kasuwar riɗi, masu raksha, matan da motar nan ta kai asibiti suna naƙuda, har wata ta kawo awarwaronta. Abokan dilala da yake gudun bakinsu, su ma suka kawo nasu. Ba a daɗe ba aka haɗa abin da zai kai ta. Amma wata da watanni sun riga sun tafi a zaman jiran mota. Likita ya duba ta ya ce zuciyarta ba za ta ɗauki aiki ba yanzu. Hajiya Hawwa ta rasu kafin damina, a kan angarib ɗin nan. Ustaz Awad ya zo gaisuwa, ya zauna a can ƙarshen tabarma, shi da Alhaji ba wanda ya iya kallon wani. Na yi kuka a ranar, ban ɓoye ba.

Sai yaƙi ya shigo, wannan kuwa ba sai na ba ku labari ba. Filin da aka ajiye motar, ko ƙusa ba a bari ba. Ƙara ta mutu, kuɗin Ustaz suka bi iska. Ni na tsallako nan Alsawra wajen ƙanwata. Alhaji da Safiya suka nufi Kasala, a hanya masu bindiga suka karɓe musu wayoyi da duk abin da yake ciki. Gidan Hajj Yusuf na je na gani bayan an lafa, har ƙofofi an cire, nim ɗin an sare an yi girki da shi. Alhaji yana nan da rai, ya tsufa ƙwarai. Mukan yi waya. Bai taɓa tambayata motar ba. Abin da yake maimaita mini shi ne ba shi da hoton Hajiya ko ɗaya, na bango sun tafi, na waya sun tafi, har in ya rufe ido fuskar tana ƙin zuwa.

To, Muzammil, miƙo wayar. An shafe lambar motar, na gani, ba su da wauta. Amma dubi carbin da yake rataye a madubi. Dubi rumfar, ni na kawo maƙerin da ya yi ta. Dattijon da ba ya fita da ita sai Juma'a, ai wannan maganar Safiya ce, ko harafi ba su canza ba. Motar nan Allah kaɗai ya san ƙasar da take, ko an yanka ta an sayar da kayanta, amma hotonta yana nan yana ci da mutane, yau ya zo kanku.

Wuce zuwa na ƙarshen. Buɗe shi da yatsa, can bayan motar, ta hagu, ƙarƙashin bishiya. Ƙara. Ka ga angarib? Ka ga mai farin mayafin nan da ta ɗaga hannu tana yi wa mai ɗaukar hoto dariya?

Ita ce.

Kuɗinku ku mayar aljihu, ku je ku ci gaba da tuƙin raksharku. In kuna son sana'ar nan da gaske, gobe da sassafe ku same ni, akwai bokiti. Hoton nan kuwa, ni ban iya turawa ba, ga lambar Safiya a wayata, kwafe ta ka tura mata. Ka rubuta mata cewa in ji Baba Haruna, ta bari ya zauna tukuna kafin ta nuna masa.